Gawo, gona da doka a ƙasar Kwaya

Kundin tsarin mulkin Nijar na 25 ga Nuwamba 2010 ya tanada a sashe na 35 cewa kowa na da haƙƙin zama cikin muhalli mai lafiya, ya kuma ɗora wa gwamnati nauyin kare shi domin na yanzu da masu zuwa. Sojoji sun dakatar da kundin a Yulin 2023, amma dokar kula da muhalli ta 1998 da ta gandun daji ta 2004 sun daɗe da shimfiɗa wannan nauyi. Ga manomin Kwaya, a gundumar Magarya ta jihar Damagaram, ma'anar wannan haƙƙi tana cikin gonarsa, wato a itatuwan da ke tsaye a cikinta.

Tun zamanin Turawan Faransa doka ta ɗauki itace a matsayin kayan gwamnati. Manomi bai isa ya sare reshen gawon da ya tsiro a gonar gadonsa ba sai da izinin ma'aikatan gandun daji, in ba haka ba tara ce. Abin da ba naka ba kuwa, wa zai sha wahalar renonsa? Sai mutane suka riƙa tumɓuke tsiro tun yana ƙarami. Farin 1973 da na 1984 suka tarar da gonaki tsirara, iska na binne shukar hatsi da rairayi.

Daga tsakiyar shekarun 1980, da hannun hukuma ya sassauta, manoman Magarya, Matamai da Mirya suka koma barin tsiron kututture, suna rage masa rassa har ya girma. Wannan shi ake kira sassaben zamani. Gawo ya fi samun gata, don yana kaɗe ganye da damina, ba ya yi wa hatsi inuwa, ganyen ya zama taki, 'ya'yansa kuma abincin bisashe ne da rani. Wani binciken 2006 ya ƙiyasta gonakin da suka farfaɗo a gundumomin uku da kimanin hekta miliyan ɗaya.

Doka ta biyo baya da jinkiri: sai a Yulin 2020 gwamnati ta amince cewa itacen da manomi ya rena a gonarsa nasa ne. Inda aiki ya rage shi ne tsakanin manomi da makiyayi, a nan da gundumar Dungas, inda gonaki ke cinye burtali, hukumomin filaye da dokar karkara ta 1993 ta kafa kuma su ne masu shata iyaka.