Wanke Suna Daga Bashin Da Mutum Bai Ci Ba

A ƙasar Daura, kamar sauran ƙasar Hausa, idan mutum ya nemi rance a da, abin da akan tambaya shi ne ɗan wane ne, kuma wa ya tsaya masa. Dillali ya san shi, mai unguwa ya san gidansu, in kuwa wani ya ci bashi da sunansa, kafin kasuwa ta sake ci gaskiya ta bayyana. Mai ba da rance na yau bai san fuskar kowa ba, lamba ya sani, wato BVN, wadda Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a 2014. Bashin da aka ci da wannan lamba akan kai labarinsa ga kamfanoni uku masu ajiye tarihin bashi, su ne CRC da FirstCentral da CreditRegistry, kuma banki yakan duba littafinsu kafin ya ba da ko kwabo.

Mu ɗauki malamin firamare a Baure, alal misali. Wani ya zo gari yana rubuta sunaye, wai za a ba da tallafi ko rancen taki, ya karɓi lambarsa ta BVN da hotonsa da lambar wayarsa. Ko kuwa wayar ce ta faɗi ran kasuwa, layin ya shiga hannun mugu. Aka ci bashi da sunansa, ba a biya ba. Shi bai sani ba sai ranar da ya nemi rancen gyaran gida aka ce masa ana binsa. Abin ma ya fi haka muni, domin tun watan Agusta na 2020 akwai tsarin GSI, wanda ya ba banki damar cire kuɗin da yake bi daga asusun mutum ko da a wani banki yake. Ashe ke nan albashi yana iya tafiya a kan bashin ɓarawo.

To, ina mafita? Dokar tarihin bashi ta 2017 ta ba kowa ikon ganin abin da aka rubuta a kansa, kyauta sau ɗaya a shekara, da kuma ikon musanta shi. Sai mutum ya fara neman rahotonsa, domin a ciki ne zai ga sunan wanda ya ba da rancen, da ranar, da yawan kuɗin. Daga nan ya kai ƙara wurin 'yan sanda, ya yi takardar rantsuwa a kotu, ya toshe layin da ya ɓata.

A nan ne mutanenmu suka fi yin sakaci. Mun saba da zuwa ofis mu gaida manaja, mu yi bayani da baki, a ce mana kada mu damu. Maganar baki ba ta goge rubutu. Wajibi ne a rubuta wa mai ba da rancen wasiƙa, a nemi ya nuna takardar da aka sa wa hannu da asusun da kuɗin suka shiga, a riƙe kwafe mai hatimin karɓa. Sau da yawa wannan asusu shi yake tona asiri. Haka kuma kada kunya ta sa mutum ya biya wani abu daga ciki don a rabu da shi, gama biyan yana iya zama tamkar amsa cewa bashin nasa ne.

Idan wa'adin da aka ɗiba ya wuce banki bai warware ba, sai a ɗaukaka ƙara zuwa sashen kare haƙƙin abokan ciniki na Babban Banki, bayansa kuma akwai kotu. A lokaci guda a aika wa kamfanin ajiye tarihin da irin waɗannan takardu, domin doka ta ɗora masa bincike. Kasancewar kamfanonin uku ne, kowane da littafinsa, wanda aka wanke a ɗaya sai ya sake neman rahotonsa a sauran biyun bayan 'yan makonni, ya tabbatar da idonsa cewa can ma an gyara.