Dabarun Kare Kai Daga Zullumi: Ma'anarsu, Ire-irensu da Illarsu

1.0 Gabatarwa

A wannan maƙala za mu dubi wasu dabaru da zuciyar ɗan Adam kan yi amfani da su don rage zafin zullumi, ba tare da shi mai zuciyar ya sani ba. Rashin sanin nan shi ne ya bambanta su da ƙarya, domin maƙaryaci ya san gaskiyar da yake ɓoyewa, shi kuwa wannan kansa yake ɓoye wa.

2.0 Asalin Nazarin

Sigmund Freud, likitan birnin Biyana, shi ya fara kawo batun kare kai a wata maƙala ta 1894. 'Yarsa Anna Freud ta faɗaɗa shi a littafinta na 1936, inda ta jera dabaru 10. A 1977 George Vaillant na Jami'ar Harvard ya bayyana su hawa huɗu, daga masu jirkita gaskiya ƙwarai zuwa na masu cikakken hankali, bisa nazarin rayuwar ɗalibai maza 268 da aka soma bibiya tun 1938.

3.0 Ire-irensu

Ta farko ita ce dannewa, wato ture tunani mai ciwo daga inda hankali zai kai gare shi. Ta biyu inkari, wato ƙin yarda da abin da ke a fili. Ta uku ɗora wa wani, inda mai hassada kan ga kowa shi yake yi wa hassada; laifi tudu ne, in ji Bahaushe. Ta huɗu huce haushi: maigida ya sha faɗa a ofis, ya dawo ya sauke a kan yara, an bar jaki ana dukan taiki ke nan. Ta biyar ƙirƙiro hujja, kamar ɗalibin da ya faɗi jarrabawa ya ce dama digirin ba shi da amfani. Makaho ya rasa ido, ya ce ido da wari. Akwai kuma nuna kishiyar abin da ke zuci, kamar zuba wa wanda ake ƙi ladabin da ya wuce kima.

4.0 Matsayin Bincike

Ba dukkansu ne bincike ya tabbatar ba. A 1998 Roy Baumeister da abokan aikinsa sun bi sakamakon gwaje-gwaje, suka sami hujja mai ƙarfi a kan inkari da nuna kishiya, amma hujjar huce haushi ta yi rauni. Saboda haka ya wajaba mu yi hattara wajen koyar da su.

5.0 Kammalawa

Dabarun nan suna da rana, domin inkari na ɗan lokaci kan ba wanda aka yi wa rasuwa sararin numfashi. Illar tana zuwa ne in sun daɗe. Matar da ta ji ƙullutu a nono ta ce ba komai ba ne, zulluminta ya ragu, amma in ciwon daji ne yana nan yana ci, kuma jinkiri kan rage damar warkewa. Vaillant ya lura cewa masu fuskantar damuwa da raha, da taimakon wasu, da shiri tun kafin wahala ta zo, sun fi samun zaman lafiya a aure da wurin aiki. Aikinmu na malamai, ke nan, shi ne mu jawo ɗalibi a hankali ya dubi abin da yake tsoro, maimakon mu tsiraita shi a gaban jama'a, domin wanda aka ƙwace wa garkuwa da ƙarfi wata zai ɗauka.