Sayen taya ga tsohuwar mota: ku karanta gefenta kafin ku biya kuɗi

Yau maganar taya za mu yi.

Har gobe tsofaffin motoci irin su Peugeot 504 da Toyota Starlet suna ɗaukar mutane da kaya tsakanin Balleyara da Filinge, musamman ran Lahadi, ranar kasuwa. Ita 504 tun 1968 aka fara ƙera ta a Faransa, daga baya aka riƙa haɗa ta a Kaduna. Injinta mai haƙuri ne, amma taya ba ta san haƙuri ba. A watan Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40, taya mai rauni kan fashe a kan kwalta, mota cike da rayuka. Dabarar ita ce: duk abin da mai saye ke buƙatar sani a rubuce yake a gefen tayar.

Na farko, shekarunta. Ku nemi inda aka rubuta DOT, ku bi layin har ƙarshe, za ku ga lambobi huɗu. Biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. In kun ga 2319, an yi ta a sati na 23 na shekarar 2019. In lambobi uku ne kawai, an yi ta tun kafin 2000, ku bar masa abinsa ko kyauta ya ba ku. Kamfanin Michelin da kansa yana ba da shawara a riƙa duba taya kowace shekara in ta kai shekara 5, a cire ta in ta kai 10, ko da zanenta bai cinye ba. Roba tana bushewa ko a ajiye take.

Na biyu, girma da nauyin da take ɗauka. Ƙaramar 504 tana tafiya da 175 R14: 175 faɗinta ne da milimita, 14 kuma girman ƙarfen da ake sa ta. Starlet da yawa ƙarfensu 13 ne. Bayan girman akwai wata lamba, ita ce ta nauyi. Lamba 88 tana nufin kilo 560 a kan taya ɗaya, 102 kuma kilo 850. Mai 504 ta ɗaukar kaya, wanda ke loda buhunan hatsi da wake, ya nemi mai harafin C, kamar 185 R14 C, don jikinta ya fi kauri. Kada a ce maka "wannan ma tana shiga". Shiga daban, ɗaukar kaya daban.

Na uku, ƙasar da aka yi ta dominta. Tayoyin hannu da ake kawowa daga Turai, wasunsu na lokacin sanyi ne. Alamarsu hoton dutse mai kai uku da ƙanƙara a ciki. Robarsu mai laushi ce, a zafin Dallol Bosso nan da nan take cinyewa. Wasu tayoyin kuma an rubuta musu TEMPERATURE da harafin A, B ko C. Mai A ta fi jure zafi.

Na huɗu, ido da hannu. A cikin ramin zanen akwai ƴan tudu ƙanana. In zanen ya yi daidai da su, saura milimita 1,6 ke nan, tayar ta gama aiki. Ku shafa gefe: in akwai kumburi ko tsagewa ƙanana kamar kaushin ƙafa, ba ta da lafiya. Ku leƙa ciki ku ƙirga faci. Facin da ke gefe ba abin yarda ba ne. A lura kuma da wadda aka sassaƙa wa sabon zane da wuƙa, don robar da ta rage a ƙarƙashi ba ta da kauri.

To, in kuɗin bai kai na huɗu ba fa? A sayi biyu iri ɗaya, a sa su a baya, tsofaffin masu dama su koma gaba. In ta baya ta saki, juyar da mota take yi, direba ba ya iya riƙe ta. Iska kuma da safe ake auna ta kafin a kama hanya, har da ta safaya. Taya mai ƙarancin iska ita ta fi saurin ɗaukar zafi. Wanda ya rage iska don ya ratsa rairayi, ya mayar da ita wajen mai faci kafin ya hau kwalta.

Ku kuma ƴan uwa da ke waje, masu aiko da kuɗin gyaran motar gida: ku ce a ɗauko muku hoton gefen tayar ta WhatsApp kafin a biya, ku karanta lambobin da kanku. Araha ba ta ado. Taya mai rabin kuɗi da za a canza sau uku a shekara ta fi sabuwa tsada, ban da asarar ranar kasuwa a bakin hanya.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gida lafiya.