Tsohuwar Murya, Sabbin Makaɗa: Albam Ɗin Da Ya Raba Kan Masoya

A RANAR Juma'a, 18 ga Yuni, 1999, Allah ya yi wa Alhaji (Dakta) Mamman Shata rasuwa a Kano. Haifaffen Musawa ne, mazaunin Funtuwa, amma Daura aka kai shi aka rufe, garin uban gidan sa Sarki Muhammadu Bashar. A cikin wannan shekarar dai kamfanin Sarauniya ya fito da fim ɗin 'Sangaya', wanda waƙar sa ta fiyano ta cika gidajen biki da motocin haya. Ke nan a shekara guda aka rufe sarkin masu kalangu, fiyano kuma ta kafa tuta.

Tun daga lokacin gardama ɗaya ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masoya waƙa: shin tsohuwar murya za ta iya zama inuwa ɗaya da sabon kiɗa? Kuma idan mawaƙi ya rabu da makaɗan sa, wa ke da waƙar, mai muryar ne ko masu riƙe da sunan ƙungiya? Ashe ba Hausawa kaɗai ke wannan ka-ce-na-ce ba. Wani albam da ya fito a 2024 ya tada irin wannan ƙura a Ingila da Amurka.

Dattijon da aka bari a baya

Sunan mawaƙin Jon Anderson, Bature ɗan Ingila da aka haifa a 1944. Shi da abokin sa Chris Squire su ka kafa ƙungiyar Yes a Landan a 1968. Salon su reshe ne na kiɗan rok, amma mai dogon zango. Waƙa ɗaya sai ta yi ta juyawa, kiɗa ya sauya sau da dama kafin a dire. Waƙar su 'Close to the Edge' ta 1972 ta haura minti 18. Wanda ya saba sauraren 'Bakandamiya' zai gane irin haƙurin da a ke buƙata.

A 2008 ciwon numfashi ya kwantar da Anderson, dole aka soke rangadin da su ka shirya. Abokan sa ba su jira ya miƙe ba. Sun ga wani ɗan Kanada mai suna Benoit David a YouTube ya na kwaikwayon muryar Anderson, sai kawai su ka ɗauko shi su ka ci gaba da harka. A 2012 kuma Jon Davison ya karɓe shi. Squire ya mutu a 2015, sai ragamar ƙungiyar ta koma hannun makaɗin jita Steve Howe, wanda ya shigo a 1970. Aka wayi gari Yes na hawa dandamali babu ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda su ka kafa ta.

To, ka san an ce ramin mugunta a gina shi gajere. Shi ma dattijon a YouTube ɗin ya tsinci nasa rabon. Ya ga wasu makaɗa 'yan Amurka da a ke kira Band Geeks, ƙarƙashin Richie Castellano, su na kaɗa tsofaffin waƙoƙin Yes tamkar da su aka yi. Da yawan su sa'o'in 'ya'yan sa ne. Ya neme su, su ka yi rangadi tare a 2023. A ranar 23 ga Agusta, 2024, kamfanin Frontiers na Italiya ya fitar da albam ɗin haɗin gwiwar su mai suna 'True', mai waƙoƙi 9, ciki har da 'Once Upon a Dream' mai tsawon fiye da minti 16. A lokacin saura wata biyu Anderson ya cika shekara 80.

Masoya sun kasu

Fitar albam ɗin ke da wuya sai masoya su ka ja daga. Kashi na farko murna kamar su zuba ruwa a ƙasa su sha. A ganin su, wannan shi ne albam ɗin da Yes ta kasa yi shekara da shekaru, kuma sun fifita shi a kan 'Mirror to the Sky' wanda su Howe su ka fitar a 2023. Hujjar su ita ce, inda muryar ta ke, nan gidan ya ke.

Kashi na biyu su ka ce a'a, a bi a hankali. Yaran sun iya hannu, babu musu, amma kwaikwayo su ke yi. Har sautin jitar marigayi Squire sun kwafo. Abin da ya sa aka so Yes tun farko shi ne ƙirƙirar abin da kunne bai taɓa ji ba, to ina ƙirƙirar a maimaita jiya?

Kashi na uku kuwa ba su ga abin faɗa ba. Su dai burin su Anderson da Howe su shirya tun su na raye, ko da yake Howe ya sha nuna cewa ba ya da wannan niyya.

Kalangu da fiyano

Mai karatu, cire sunayen Turawan ka sa na gida, za ka ga labarin ka ne. A majalisun Daura, Mai'aduwa, Zango, Sandamu ko Ɓaure, duk inda aka kunna waƙar Shata da wani matashi ya sake rerawa da fiyano, sai baki ya rabu. Dattawa su ce an zubar wa waƙar da mutunci. Samari su ce ba don haka ba, ƙannen su ma ba za su san ta ba.

Ƙorafin dattawan ba tsufa ba ne kawai, akwai dalili a ciki. Kalangu ganga ce mai magana. Makaɗi na matse tsarkiyar ta a hammata ya saki, sautin ya hau ko ya sauka daidai da karin harshen Hausa. Shata kuwa nan take ya ke ƙaga baiti. Ya ga mutum, ya jefa magana, 'yan amshi su karɓa, makaɗa su bi shi duk inda ya karkata. Idan ya ja, su ja. Idan ya tsaya, su jira. A situdiyo kuwa abin a juye ya ke. Mai fiyano ne ke fara ɗora kiɗa a kwamfuta, sannan mawaƙi ya zo ya cusa baitin sa cikin awon da aka yanka masa. A da kiɗa ke bin mawaƙi, yanzu mawaƙi ke bin kiɗa. Wannan numfashin da ke tsakanin Shata da makaɗan sa shi ne abin da kunnen dattijo ke nema ya rasa.

Su ma samarin su na da tasu gaskiyar. Idan kiɗa ya canza, dole rawa ta canza. Waƙar da ba ta shiga waya ba, ba ta shiga fim ba, ba a sa ta a gidan biki ba, to ta kama hanyar kabari ko da ta zinare ce. Hatta fada ta shaida haka. Masarautar da ta riƙi Shata a zamanin Sarki Bashar, wanda ya yi mulki daga 1966 zuwa 2007, ita ce a 2025, ƙarƙashin Sarki Umar Faruk Umar, ta naɗa Dauda Kahutu Rarara, mawaƙin fiyano, sarautar Sarkin Waƙar Ƙasar Hausa. Wannan naɗi ma sai da ya jawo nasa cece-ku-cen.

An taɓa gwadawa

Haɗin gwiwa a albam ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. A 1994 Sa'adu Bori na Maraɗi da Moussa Poussy su ka fito a albam ɗaya mai suna 'Niamey Twice', wanda kamfanin Stern's na Landan ya fitar. Ɗaya na rerawa da Hausa, ɗaya da Zabarmanci, ga jita da gangunan bature. Waƙoƙin Sa'adu irin su 'Dango' sun tsallako iyaka sun zama abin rawa a Arewa, kuma mutanen Daura, da Kongolam ke bayan gidan su, ba sa buƙatar a ba su labari. Sa'adu ya rasu a haɗarin mota a 2008, amma ya nuna cewa kayan kiɗan zamani ba sa hana waƙa ƙamshin gida idan mawaƙin ne ke jan ragama.

A nan ne labarin Anderson ya bambanta da abin da a ke yi wa Shata. Band Geeks ba su jira mai waƙa ya mutu su ka ɗauki kayan sa ba. Da ran sa su ka yi aiki da shi, aka rubuta sabbin waƙoƙi tare, sunan sa a gaba, nasu na biye. Ko masu sukar 'True' ba su ce an yi wa dattijon sata ba.

A ƙasar Hausa kuwa, manyan sai tafiya su ke yi. Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015. Sai bayan sun kau sannan a ke rububin kwafar amshin su a fim da faifan biki, sau da yawa ko sunan mai waƙar ba a rubutawa, balle iyalan sa su ga sisi.

Amma ba a makara gaba ɗaya ba. Duk wanda ya taɓa halartar Sallar Gani a Daura ya san har yanzu akwai dattawa masu kalangu, kotso, taushi da algaita da ke cika ƙofar fada. Babu abin da zai hana furodusa ko mawaƙin fim ya ɗauki ɗaya daga cikin su zuwa situdiyo, a bar shi ya fara kaɗa nasa, fiyano ta biyo baya, a rubuta sunan sa a bangon faifai, a biya shi haƙƙin sa a gaban shaidu. Masoya za su yi gardama a kai, tabbas. Wasu za su yaba, wasu su kushe, kamar yadda aka yi wa 'True'. Gara dai a yi gardamar mai kalangun na zaune ya na ji, don ba a fafe gora ranar tafiya.