Mafarki Cikin Sani da Farkawar Sulusin Dare

Mafarki cikin sani shi ne yanayin da mai barci yake gane cewa mafarki yake yi alhali bai farka ba, har wani lokaci ya iya juya akalar abin da yake gani. Likitan ƙasar Holan Frederik van Eeden ya yi bayaninsa a 1913, amma masana sun daɗe suna tababa a kansa, sai a 1975 da Keith Hearne na Jami'ar Hull a Ingila ya yi yarjejeniya da wani mai barci cewa zai karkata idanunsa hagu da dama da zarar ya gane yana mafarki, na'ura kuwa ta ɗauki wannan alamar yana tsakiyar barci.

Barcin ɗan Adam zagaye yake yi, kowane zagaye kimanin minti 90, kuma a cikinsa akwai matakin da idanu ke kai-komo da sauri a ƙarƙashin fatarsu, wanda Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman suka gano a Jami'ar Chicago a 1953. A wannan matakin ne mafi yawan mafarkai masu kaifi suke zuwa, ƙwaƙwalwa tana aiki kusan kamar a farke, gaɓoɓin jiki kuma suna sakewa gaba ɗaya domin kada mutum ya aikata abin da yake gani. Matakin gajere ne a farkon dare, yana ƙara tsawo yayin da asuba ke gabatowa, saboda haka wanda ya farka bayan sa'o'i biyar, ya wartsake kaɗan, sannan ya koma, yakan faɗa cikin mafarki da sauran hankalinsa a tare da shi.

A kan wannan ne Stephen LaBerge na Jami'ar Stanford a Amurka ya gina dabararsa a 1980. Mutum zai tuno mafarkin da ya farka daga cikinsa dalla-dalla, ya nemo abin da ba zai yiwu a farke ba, kamar ganin mamaci yana hira ko ganin kansa a Kano alhali a Legas ya kwanta, sai ya kwanta yana nanata wa zuciyarsa niyyar cewa idan mafarki ya sake zuwa zai gane shi, yana kuma sawwara kansa cikin mafarkin ya gane. Abin da ake horarwa a nan shi ne tunawa da ƙuduri idan lokacinsa ya yi, irin wanda ke sa ɗan aike ya tuna da saƙo sa'ad da ya iso ƙofar gidan da aka aike shi. Binciken da Denholm Aspy ya jagoranta a Jami'ar Adelaide ta Ostireliya a 2017 ya nuna cewa waɗanda suka haɗa farkawa da wannan niyya, da kuma yawan tambayar kai da rana ko a mafarki ake, sun dace a kashi 17 cikin ɗari na gwaje-gwajensu, adadin kuwa ya kai kashi 46 ga waɗanda barci ya ɗauke cikin minti biyar. Darasin a fili yake: wanda ya buɗe waya, ko ya tsunduma cikin lissafin kuɗin haya har barci ya ƙaurace masa, ya yi asarar dabarar da barcin baki ɗaya.

A Idi-Araba, unguwar Hausawa da ke maƙwabtaka da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, raba dare biyu ba baƙon abu ba ne. Wanda ya kwanta ƙarfe goma, ya tashi wajen ƙarfe uku ya yi alwala da nafilfilin tahajjud, sannan ya kishingiɗa kafin ladan ya kira asuba, ya riga ya cika sharaɗin da masu bincike suke sa agogo ya cika musu, ba tare da ya nufi hakan ba. Sai dai barci a wannan unguwa yana da tsada. Mai gadin da ya kwana zaune a kan benci, da mai shayin da ke hura wuta tun duhu bai yaye ba, da magidancin da zafi da sauro da ƙarar janareta suka riga suka yanyanka masa dare, ba su da rarar da za su sadaukar, kuma bai kamata sha'awar sarrafa mafarki ta ci rabon hutunsu ba. Ga wanda ya ƙoshi da barci, gwada dabarar dare ɗaya ko biyu a mako ya wadatar.

Akwai kuma dannau, wato mutum ya farka ya kasa motsi, yana jin nauyi a ƙirji, wanda kan zo idan hankali ya riga gaɓoɓi dawowa daga matakin kai-komon idanu, kuma yakan fi addabar masu tsinkakken barci. Yana wucewa cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintoci, amma wanda yake yawan fama da shi, ko yake da lalurar ƙwaƙwalwa, ya kamata ya ga likita kafin ya gwada komai.

Hadisan da Bukhari da Muslim suka ruwaito sun kasa mafarki uku: bushara daga Allah, da firgici daga Shaiɗan, da zancen zuci. Mafarkin da mutum ya shirya wa kansa da niyya da maimaitawa ya fi kusa da kashi na uku, don haka kuskure ne babba a kai shi wurin malami neman fassara, balle a ƙulla aure ko ciniki a kansa. Amfaninsa da likitoci ke nazari ya fi wannan ƙanƙanta, duk da cewa ba ƙarami ba ne ga mai buƙata: taimaka wa wanda mugun mafarki ɗaya yake bi dare bayan dare ya gane shi tun yana ciki, ya daina gudu.