Dalma a Gona: Yadda Manomi Zai Tare Mata Hanya

Bayan gubar dalma ta hallaka yara sama da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a 2010, maganin da aka yi a Dareta da Bagega shi ne kankare saman ƙasar gidaje a zuba sabuwa. Wannan aikin tsakar gida ne, babu mai iya kankare fadama. Dalma da kadmiyam kuwa ƙarafa ne masu guba da ba sa ruɓewa. Saboda haka manomin rani a Dandin Mahe da ƙauyukan Shagari da Bodinga, muddin yana zuba takin juji mai haɗe da matattun batura da gwangwanayen fenti masu ɗauke da su, abin da ke hannunsa shi ne hana ƙarfen hawa jikin shuka.

Saiwa narkakken abu kawai take sha, kuma tsamin ƙasa ne ke narkar da waɗannan ƙarafa. Yawan zuba yuriya shekara bayan shekara yana ƙara tsamin. Garin farar ƙasa da tokar itace suna rage shi, yayin da ruɓaɓɓen takin dabbobi da gawayin ƙaiƙayin shinkafa ke riƙe ƙarfen a cikin ƙasa. Irin shukar ma yana da tasiri: alayyafo da latas sun fi tumatir da tattasai tara guba, don haka gonar da ake zargi ba wurin ganye ba ce. Masu lambu a bakin kogunan Jakara da Challawa a Kano, inda dagwalon masana'antu da majemu ke kwarara, sun fi kowa buƙatar jin wannan.

Wani zai ce ɗaure guba ba cire ta ba ne. Gaskiya ne, in tsami ya dawo za ta sake narkewa, shi ya sa dole a riƙa maimaita aikin ana auna ƙasa, nauyin da ya kamata malaman gona da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su ɗauka. Wani kuma zai ce takin zamani ya yi tsada, ba a raba talaka da juji. To, a tsince batura kafin a watsa shi, a kuma daina ɗebo tokar bola. A Zamfara an gano cewa yawancin dalmar da ke cikin hatsi wajen sussuka da shanya da niƙa ta shiga, don haka a shanya amfanin gona kan tabarma, a wanke ganye sosai kafin ya shiga tukunya.