Ernest Beaux da Sauyin da Ya Kawo wa Turaren Zamani

An haifi Ernest Beaux a birnin Mosko a shekarar 1881 cikin iyali 'yan asalin Faransa, kuma ya koyi sana'ar haɗa turare a kamfanin Rallet, wanda yake cikin manyan masana'antun sabulu da turare na Rasha a lokacin. Bayan juyin juya halin 1917 ya koma kudancin Faransa, inda ya haɗu da fitacciyar mai zanen tufafi Gabrielle Chanel, ya kuma haɗa mata turaren Chanel No. 5 wanda ya fito a 1921.

Kafin wannan lokaci, yawancin turaren mata yana kwaikwayon ƙamshin fure guda ne, amma Beaux ya gauraya man furen yasmin da na wardi da sandal, sannan ya zuba musu aldehaid da yawa, wato sinadarai da ake haɗawa a ɗakin gwaji, waɗanda ke sa ƙamshi ya tashi garau kamar na tufafin da aka wanke aka shanya. Sakamakon haka aka samu ƙamshin da hanci ba ya iya jingina shi ga fure ɗaya, abin da ya buɗe sabon babi a sana'ar.

Beaux ya ci gaba da aiki da Chanel, inda ya haɗa turarukan Cuir de Russie da Bois des Îles, ya rasu a Paris a 1961, kuma har yau masu koyon haɗa turare suna nazarin aikinsa.